Dogon falanki ba ya fita sikwaya a injina, don Allah a taimaka

Salam 'yan uwa. Ni ba kafinta ba ne, koyo nake yi, adashi na ɗauka na sayi injin zarto mai tebur na hannu na ajiye a soro. Ƙanwata za a kai ɗaki bayan sallah kuma da bakina na cewa Hajiya ni zan haɗa mata kantar jeren kwanuka, har ta faɗa wa dangi. Na sayo falanki shida masu ƙafa 12 a kasuwar katako ta Na'ibawa. In gajere ne yana fita daidai, amma dogon da zarar na tura shi a gicciye sai bakin ya karkace, in na ɗora sikwaya (ma'aunin kusurwa) har haske kake gani. Biyu sun lalace, wallahi bacci ba ya ɗaukata.

Tsohon kafinta: Malam shekara 30 ina wannan sana'a, ba a gicciya ƙafa 12 a kan wannan injin. Nauyin da ke reto a waje shi ke juya maka katakon. Ɗora shi a benci, ja layi da sikwaya, datse shi da zarton hannu ka bar rarar inci ɗaya, sannan ka kai injin.

Mai walda: Ka haɗa masa tire na filawud mai gudu a cikin kwararon tebur ɗin, ka sa jaki (abin ɗora katako mai ƙafafu) a gefe daidai tsayin tebur ya tallafe wutsiyar. Amma fara gwada injin: yanka guntu, kifa ɓari ɗaya ka haɗa bakinsu, in da gibi to ninki biyu ne na kuskuren.

Tsohon kafinta: Tire ba ya ɗaukar ƙafa 12. Tukuna ma, kana jingina bakin katakon da ƙarfen gefen nan na saita faɗin yanka lokacin da kake turawa?

Mai tambaya: E ina jinginawa Baba, don tsayinsu ya zo ɗaya. Haka wanda ya sayar min ya nuna min.

Tsohon kafinta: Subhanallah! Daina yau ɗin nan. Guntun zai maƙale tsakanin ƙarfen da haƙoran zarto ya dawo maka a ciki kamar harsashi.

Ɗan Zariya: Ni matsalata ma ɗanyen katako ce, wani ya sayar min katakon malaina wai ya bushe, sati biyu ƙofa ta murɗe, mai gida har yau bai cika min kuɗina ba. Ka duba ko gefen falankin naka ma a miƙe yake.

Mai tambaya: Nawa busasshe ne. Kuma zarton hannu ai don in huta da shi na sayi injin, soron ma ba zai ɗauki jaki ba.

Mai walda: Sikwayar taka fa, ka auna ta? Ja kusurwa da ita, auna 30 a gefe ɗaya da 40 a ɗayan, in daidai take tsakaninsu ya ba ka 50.

Mai tambaya: Sabuwa ce dal. Bari a kawo wuta in sake gwada ɗaya, saura huɗu.