Fim ɗin keta zamani yana zama wasan nuna-ka-danna na gaske kuwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na ƙarasa kashi na 5 na Back to the Future: The Game, wasan da aka ciro daga fim ɗin Back to the Future, wanda kamfanin Telltale ya riƙa saki daga Disambar 2010 zuwa Yunin 2011. Na ji daɗin labarin, wannan ba na musu. Amma ra'ayina shi ne wannan fim ne aka yanka gida biyar aka ɗora maka linzami a hannu. Kuma ina ganin haka za ta riƙa faruwa duk ranar da aka ɗauko fim ɗin keta zamani za a mayar da shi wasa. Masu fim sun riga sun yanke wa jaruman labarin, Marty da Doc, hukuncin yadda za su ƙare, ba za su bar ka ka taɓa tarihin da hannunka ba. To ina amfanin motar komawa jiya idan sitiyarin ba a hannunka yake ba?

Autan Zaure: Wa alaikumus salam Yaya. Ku yi mini bayani tukuna, ni ƙwallo da dambe kawai na sani a gidan gem ɗin unguwarmu. Mene ne nuna-ka-danna?

Na Dala: Auta, wasa ne da ba ya bukatar saurin yatsa. Ana nuna maka ɗaki ko titi, ka kai kibiyar linzami kan abu ka danna, mutuminka ya je ya duba, ko ya ɗauka ya sa a aljihu, ko ya yi magana da wani. Can gaba sai ka tarar da ƙofa a rufe, ka zauna kana tunanin wanne daga cikin tarkacen aljihunka zai buɗe ta. Kacici-kacici ne da labari.

Malam Ɗan Fagge kuwa, ban yarda ba ko kaɗan. Ka manta irin abin da aka yi wa wannan fim a baya? Wanda LJN ta fitar a na'urar Nintendo a 1989, Marty yana gudu a titi yana tsintar agogo yana kauce wa ƙudan zuma. Me ya haɗa wannan da fim ɗin 1985? Telltale su suka fara girmama labarin. Sun jawo Bob Gale, wanda ya rubuta fim ɗin tare da Robert Zemeckis, ya ba su shawara. Christopher Lloyd da kansa ya dawo ya yi muryar Doc. Matashin da ya yi muryar Marty, A.J. LoCascio, ranar da na kunna shi a shagona a Farm Centre wani kwastoma da ya san fim ɗin rantsuwa ya yi cewa Michael J. Fox ne, wanda ya fito a matsayin Marty a fim ɗin. Shi ma Fox ɗin ai ya shigo a kashi na ƙarshe.

Ɗan Fagge: Duk abin da ka lissafo yabon fim ne, Malam. Murya, marubuci, jarumai. Ba ka ambaci wasa ƙwaƙwalwa ko ɗaya ba.

Na Dala: Ga ɗaya. A kashi na farko, Marty ya koma 1931, zamanin da aka haramta giya a Amurka, ya tarar da Doc yana saurayi ɗan shekara 17 yana yi wa mahaifinsa alƙali aiki. Akwai wurin da saurayin yake cacar baki da mahaifin a waje, kai kana cikin ɗakin gwaji, dole ka tsinci umarni daga cikin kalmomin da yake jefawa a rigimar, ka san lokacin hura wuta da lokacin juya na'ura. Wannan ba kallo ba ne, sai ka kasa kunne.

'Yar Gwale: Ku ba ni dama in shigo, don ni ina ganin Yaya Ɗan Fagge ya gano ciwon amma ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Wannan misalin da Yaya Na Dala ya kawo yana da daɗi, amma ka cire DeLorean, motar keta zamanin, daga labarin gaba ɗaya, kacici-kacicin yana nan yadda yake. Ba ruwansa da zamani. Yanzu ku kwatanta da Day of the Tentacle na LucasArts, 1993, wanda Tim Schafer da Dave Grossman suka jagoranta. Mutum uku ne a gida ɗaya: Bernard a yau, Hoagie shekara 200 baya, Laverne shekara 200 gaba. Laverne ta faɗo ta maƙale a reshen bishiya, ba yadda za ta sauko. Me za ka yi? Ka koma wurin Hoagie, lokacin bishiyar tana ƙarama, ka shafa wa 'ya'yanta jan fenti su yi kama da ceri, ka zuga George Washington, shugaban Amurka na farko da tatsuniya ta ce ya taɓa sare bishiyar ceri, ya sare ta. Da ka leƙa gaba, babu bishiya, Laverne tana ƙasa. Ba wanda ya nuna maka wannan a hoto mai motsi kana zaune. Kai ka yi tunanin, kai ka sare bishiyar shekara 400 kafin ta dame ka. Haka aka yi da tutar Amurka, ka canja zanen da aka ba mai ɗinki a baya, a gaba tutar ta zama rigar ɓad da kama. Ranar da na gane na bishiyar nan tsaye na miƙe a ɗaki, har Umma ta leƙo ta ga ko lafiya.

A wasan Telltale, duk babban sauyin tarihi labari ne yake yin sa. Kai dai ka gama ƙananan aikace-aikace, sai a ɗauke ka a mayar da kai 1986, zamanin Marty, a ce ga abin da ya lalace.

Ɗan Fagge: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Ai maganata kenan. Kuma ki lura, Day of the Tentacle ba daga fim aka ɗauko shi ba. Shi ya sa suka sami sakewa.

'Yar Gwale: A nan muka rabu, Yaya. Ba fim ne ya ɗaure su ba. Labarinsu sabo ne, ya fara wata shida bayan fim na uku, ba wanda ya taɓa ganin sababbin mutanen wasan irin su Edna Strickland ko Kid Tannen a sinima. Filin a buɗe yake. Abin da nake gani ya ɗaure su shi ne sayar da wasan kashi-kashi. Idan kowane wata ko biyu za ka saki guntu, kowane guntu da 'yan wurarensa kaɗan, ba za ka iya ba mutum zamani uku a lokaci guda yana kai da komo ba. Sannan sun yi hange ga masoyan fim waɗanda ba su saba da irin wasan ba, sai suka sauƙaƙa, suka sa maɓallin taimako da zai kusa faɗa maka amsar. Shi Dave Grossman ɗin ai a Telltale yake aiki a shekarun, ba rashin masani ba ne. Kuma LucasArts sun ɗauko Indiana Jones daga fim a 1989 da 1992, na 1992 ɗin har hanyoyi uku yake ba ka na bin labarin. Fim bai hana su ba.

Baban Yara: Ina bin ku tun ɗazu. Ni ba ɗan wasa ba ne, amma yarana suna yi, shi ya sa nake son sani. Abin da yake damuna ba sauƙi ko wahala ba ne. Mutum ya zauna awa da awanni ana koya masa cewa in ya koma baya zai gyara abin da ya wuce. Mu kuma an hore mu da barin "da na yi kaza da kaza ta faru", hadisi ne ingantacce cewa wannan kalmar tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Yaro ba zai tashi da wannan tunanin ba?

Na Dala: Baba, tambayarka a kan hanya take, kuma da girmamawa zan amsa. Da ka ga kashi na 3, Citizen Brown, ina jin hankalinka zai ɗan kwanta. Marty ya je ceton abokinsa da kyakkyawar niyya, amma shigarsa ta sa saurayi Emmett, wato Doc yana ƙuruciya, ya shaƙu da Edna. Da ya dawo 1986 sai ya tarar garin Hill Valley ya zama kamar kurkuku, kyamara ko'ina, ana rubuta wa mutane laifi a kan abin da bai kai ya kawo ba, Doc ɗin da ya sani babu shi, wani Doc ne daban yake mulki. Duk gyaran da ya yi sai ya ɓallo wata ɓarakar. Ni abin da na fita da shi kenan, mai cewa zai gyara jiya bai san abin da yake roƙo ba. Kuma akwai wurin da ya tsaya mini a rai a kashi na 4, inda shi wannan Doc ɗin na biyu ya fara tambayar me zai faru da Edna idan aka goge rayuwar da suka yi tare. Fina-finan uku ba su tsaya sun yi wannan tambayar da nauyi haka ba.

Baban Yara: To madalla. In haka ne zan zauna da babban in gani da idona kafin in yanke hukunci. Tatsuniya dai mun san tatsuniya ce, mu ma da gizo da ƙoƙi aka raine mu. Sai dai a san me ake zuba wa yaro.

Ɗan Fagge: Citizen Brown shi ne mafi kyau a cikin biyar ɗin, na yarda. Amma Malam Na Dala, ka sake dubawa. Da a ce ni ne da hannuna na haɗa Emmett da Edna, ina ganin dabara na yi, sannan na dawo na ga abin da na jawo, da nauyin ya fi haka sau goma. Nan kuwa nuna mini aka yi. Baƙin cikin Marty ne, ba nawa ba.

Na Dala: Ni kam na ji shi nawa.

'Yar Gwale: Su kansu Telltale kamar sun gane inda ƙarfinsu yake. A 2012 suka fitar da The Walking Dead, suka rage kacici-kacici suka koma ba ka zaɓi a cikin labari, nan suka yi suna. Back to the Future ya faɗo tsakiya, bai kai tsofaffin wasa ƙwaƙwalwa ba, bai samu zaɓin sababbin ba. Kamfanin ya durƙushe a 2018, wasan ma yanzu samunsa sai an sha wuya, sai dai faifan da aka sake bugawa a 2015 na cikar fim ɗin shekara 30, wanda Tom Wilson ya dawo ya yi muryar Biff, mugun fim ɗin. Day of the Tentacle kuwa an sabunta shi a 2016, kowace tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa.

Abin da yake ci mini rai shi ne irin wannan wasan bai fi ƙarfinmu ba. Ba ya son babbar na'ura, zane ne da rubutu da tunani. Ku ɗauki Kasuwar Kurmi kawai, mutum ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, ɗaya a 1903 da Turawa suka shigo, ɗaya a yau. Na farko ya dasa kuka a bakin wata rijiya, na yau ya tarar da ita ta tsufa da kogo a jikinta, abin da na tsakiya ya ɓoye yana ciki. Marinar Ƙofar Mata tana nan a dukkan zamunan uku, badala ma haka, sai dai yadda ta zaizaye.

Ɗan Fagge: Wannan zan saya da kuɗina. Amma sharaɗina yana nan, kada a fara yin fim ɗinsa a Kannywood sannan a ce za a ciro wasa daga ciki. A fara da wasan.

'Yar Gwale: Ko daga fim aka ciro shi, Yaya, in dai an bar ni na dasa kukar da kaina, ba ni da ƙorafi.

Autan Zaure: Yaya Na Dala, ranar Asabar bayan la'asar zan biyo shago da kwamfutar yayana. A sa mini na bishiyar nan tukuna. Kuma don Allah kada kowa ya ƙara faɗin amsar wani kacici-kacicin a nan, Anti ta riga ta tona mini biyu.