Binciken ilimi ya ce a riƙa sa ɗalibi ya tuno darasi: yaya ake yinsa a aji?

Malamin_Sakandare:
Assalamu alaikum malamai. Ana yawan cewa bincike ya nuna sa ɗalibi ya tuno darasi da kansa ya fi masa amfani a kan maimaita karatu. To, a aji mai ɗalibai 50 da darasi na minti 40, ta ina za a fara? Minti nawa za a ware? Kuma yaya malami zai gane abin yana aiki, ba ƙarin aikin maki kawai ya ɗora wa kansa ba?

Malama_Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Roediger da Karpicke a Amurka, shekarar 2006. An ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi zama huɗu yana karantawa, wani kuma zama ɗaya kawai ya yi, sauran ukun aka sa shi ya rubuta abin da ya tuna ba tare da duba takarda ba. Bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, sun tuna kashi 83 cikin 100 na rubutun, ɗaya rukunin kuma 71. Da aka yi mako guda sai lamarin ya juya: masu tunowa suka riƙe kashi 61, masu maimaitawa 40. Wannan ne ya sa hanyar take ruɗar malami da ɗalibi, don a ranar farko kamar ba ta da amfani.

A aji, ware minti 6 zuwa 8 a farkon darasi. Littattafai a rufe. Rubuta tambaya 5 a allo: biyu daga darasin da ya gabata, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Wannan tazarar ba ado ba ce; tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka dunƙule. Kowa ya rubuta amsa a bayan littafinsa cikin minti 3, sannan ka faɗi amsoshin, kowa ya gyara nasa da biro mai wani launi. Ba ka karɓi littafi ba, ba ka ba da maki ba. Sai ka ce: wa ya kuskure ta uku? Tambayar da hannaye suka yi yawa a kanta, sake bayaninta a minti biyu, ka dawo da ita bayan kwana biyu.

Inda ake ɓata abin: a bar littafi a buɗe, sai ya zama kwafa. Ko a yi tambayar da baki, wanda ya ɗaga hannu ya amsa, ka ga mutum ɗaya ne ya tuno, sauran 49 saurare suka yi. Ko a wuce ba a gyara ba, kuskuren ya zauna daram. Mafi muni shi ne shigar da makin cikin sakamakon zango, don daga nan satar amsa za ta shigo, kai kuma ka daina ganin gaskiyar abin da suka sani.

Malamin_Lissafi:
Na yarda da Malama, amma da sharaɗi: ba a tuno abin da bai shiga ba tun farko. Masanin ilimi Rosenshine, a ƙa'idojin koyarwarsa na 2012, ya kawo cewa dacewar da ake nema yayin atisaye ita ce kusan kashi 80 cikin 100. Idan rabin ajin na faɗuwa a tambayoyin bita, ba bitar za a ƙara ba, koyarwar za a koma a duba.

A sabon batu, binciken wani masani mai suna Sweller kan nauyin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka lokaci guda ya fi dacewa. Mai sabon shiga ya fi amfana da misalin da aka warware masa gaba ɗaya. Ɗauki 3x + 4 = 19. Warware shi a allo, kana faɗin dalilin cire 4 daga ɓangarorin biyu kafin rabawa da 3. Misali na biyu, 2x + 7 = 15, ka bar musu matakin ƙarshe. Na uku su yi duka. Amma da zarar hannunsu ya faɗa, daina ba su cikakken misali, don a lokacin jan su baya yake yi.

Wani abu da ba ya cin komai: Mary Budd Rowe ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya. Idan jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Yi tambayar, ƙirga uku a zuci, sannan ka kira suna.

Mai_Horar_da_Malamai:
A kan yadda za ka gane yana aiki, Malam: zaɓi batu biyu masu kusan wahala ɗaya. Ɗaya ka riƙa sa shi a tambayoyin bita, ɗayan ka koyar yadda ka saba. Bayan mako 4, ba tare da sanarwa ba, ba da tambaya 10 a kan kowanne, ka kwatanta. Kada ka gwada washegari, tunda ka ga alƙaluman da Malama ta kawo. Kuma abu ɗaya za ka canza a zango. In ka canza uku, ba za ka san wanne ya yi tasiri ba.

Duk binciken da aka kawo maka, tambayi a kan wa aka yi shi, da me aka kwatanta, kuma yaushe aka auna. Maganar raba ɗalibai zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne ta yaɗu sosai, amma da Pashler da abokan aikinsa suka bi diddiginta a 2008, ba su sami hujjar da ta isa a gina koyarwa a kanta ba. Lokacin da za ka kashe a can, zuba shi wajen tsara tambayoyin bitar, ka tabbata aƙalla ɗaya daga cikin biyar ɗin tana farawa da "me ya sa".