Daga f/22 duk lensi ɗaya ne? Muhawarar masu babbar kyamara a Jidda

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. A yi mini afuwa, wannan gwajin lensi da ake ta yi a kan kyamarar 4x5, wato babbar kyamara mai fim inci 4 da 5, ni a ganina ɓarnar fim ce. Kusan kowa a nan a f/22 yake ɗauka, wato ƙofar hasken lensi a matse sosai. Idan aka matse ƙofar haske zuwa nan, hasken da kansa yake bazuwa a bakin ƙofar, kaifin hoto ba ya wuce wajen layi 70 a milimita. Lensin Schneider ne, Rodenstock ne, Nikkor ko Fujinon, duk nan za su tsaya. Har tsohon Kodak Ektar 127 ɗina ba zai ji kunya a cikinsu ba.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka daidai ne, amma a tsakiyar hoto. Ektar ɗin nan ƙirar Tessar ce, wadda Paul Rudolph ya fitar a kamfanin Zeiss a 1902, kuma da'irar hotonsa, wato faɗin hoton da lensin ke jefawa, da ƙyar take rufe fim ɗin, wanda daga kusurwa zuwa kusurwa wajen milimita 153 ne. Ka shiga Balad, tsohon garin Jidda, ka tsaya gaban tsohon gidan nan Baitu Nasif, ka ɗaga lensin sama don ka kamo rawashin bene na ƙarshe, wato tagogin katakon nan masu sassaƙa, ba tare da ginin ya kishingiɗa ba. Kusurwoyin sama za su dushe, daga nan su yi baƙi. Apo-Sironar-S 150 yana ba da da'irar milimita 231, Nikkor-W 150 kuma 210. A lungunan da babu wurin ja da baya, sai lensi mai faɗin gani na milimita 90: Super-Angulon f/8 yana da 216, Nikkor-SW f/8 yana da 235. Ta ina suka zama ɗaya?

Ɗan Auta: Yaya, ai duk wannan yana rubuce a takardar kamfani. Ba sai na ƙona fim ba kafin in sani.

Baba na Jidda: Ɗana, takardar tana ba ka labarin lensin ne ranar da ya bar masana'anta. Wanda ke hannunka ya shekara nawa a akwatin wani? Mu nan bakin Bahar Maliya muke, laima ba ta ƙyale gilashi. Ka buɗe shata, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, da ƙofar haske gaba ɗaya cikin ɗaki mai duhu, ka haska tocilar waya ta baya. Za ka ga wani lensin yana da hazo a ciki, wani kuma funfuna ta yi masa zare-zare daga gefe. Da rana a hannu, tas za ka gan shi. A nagatif kuwa, inuwar da ke cikin sassaƙar katakon rawashin sai ta taso toka-toka, ta rasa zurfi. Kuma ranar garin nan ba ta wasa. Farin bango yana watso haske cikin zugazugin kyamara, to a nan ake gane lensi mai shafin hana ƙyalli ɗaya a gilashinsa da mai shafi da yawa, ko da duka biyun a f/22 suke. Ga shata. Shatan Copal da ya tsufa, ka sa shi a daƙiƙa ɗaya ka saurara, kana jin yana ja da ƙyar. Wannan ma babu shi a takarda.

Hajiya ta Madina: Baba, da izininku zan ɗan tsaya wa yaron nan. Yawancin gwajin da nake gani ana turowa, ba lensi ake gwadawa ba, hannun mai ɗauka ne da kayansa. Fim yana zama ne wajen milimita 5 daga fuskar gidan da ake saka shi, kuma dole gilashin saiti, wanda ake duba hoto a kai kafin ɗauka, ya kasance daidai wannan zurfin. Idan wani ya taɓa sauya gilashin ya kuskure ko kaɗan, lensi mafi tsada zai fito da taushi, a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Sannan a ɗora nagatif a sikanar gida wadda ba ta iya zaro duk abin da ke ciki, a zo ana cewa wannan ya fi wancan. Lensin Dagor kuma, ƙirar 1892, saitinsa yana gusawa idan an matse ƙofa. Wanda bai sake duba gilashi bayan ya matse ba zai rantse lensin ba shi da kyau, alhali yana da shi. Ni dai a hoto mai inci 16 da 20, wato ninki huɗu kawai, ban yarda akwai mai banbance manyan kamfanonin nan huɗu da ido ba.

Malam Injiniya: A tsakaninsu huɗun na yarda, Hajiya. Amma shi har Ektar ya jefa cikin sahu.

Ɗan Auta: Kuma ina nan a kan bakana, Yaya. Hoton mutum a tsakar gida, babu ɗaga lensi, babu rana a gaba, a jera su a kan tebur a gani.

Baba na Jidda: To ka rage da'awarka ke nan. Da farko cewa ka yi duk lensi, yanzu ka koma hoton tsakar gida. Ni gini nake ɗauka, kuma kusurwa ce rabin aikina.

Ɗan Auta: Ban rage ba Baba, kaifi na ce tun farko.

Hajiya ta Madina: To a yi shi yadda ya kamata. Kyamara ɗaya a kan ƙafa mai nauyi, gidan fim ɗaya da aka auna, fim ɗin FP4 daga kwali ɗaya, a wanke su tare. Kowane lensi hoto biyu a f/22, ɗaya a miƙe, ɗaya an ɗaga milimita 25. A duba nagatif ɗin kansa da madubin ƙara girma, ba a allon kwamfuta ba. Mai ɗauka ya riƙe sunayen a wurinsa, sauran su ga lamba kawai.

Baba na Jidda: Juma'a bayan La'asar, in sha Allah, a haɗu a Bab Makka. Zan zo da kyamara da Super-Angulon. Injiniya ka kawo Sironar, kai kuma Auta ka zo da Ektar ɗinka, kada ka manta da allon da ake ɗaura shi a kyamara.