Bangon bayan kwale-kwalena yana lanƙwasa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka san jirgin ruwa na faiba (wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi) nake nema.

Bara na sayi ƙaramin kwale-kwale na hannu, ƙafa 14, don jefa fatsa a Dam ɗin Tiga ranar Asabar. Nishaɗi ne, ba sana'a ba. Injin kam lafiyarsa lau.

Matsalar bangon baya ce, inda ake ɗaure injin. Da na ƙara wuta sai ya riƙa lanƙwasa. Fenti ya tsattsage kewaye da notuna, ruwa ja-ja kamar shayi yana tsatsowa. Na ƙwanƙwasa da guduma, gefe ɗaya ƙas-ƙas, ɗayan kuwa sai dif. Ina zargin katakon da ke cikin faibar ya ruɓe.

Sau biyu mai gyara yana liƙewa da gam, kuɗina dai sun tafi, ruwa bai tsaya ba. Yanzu wai farantin ƙarfe zai ɗaura a kai.

Ƙarfen zai riƙe kuwa, ko dole a fasa a sauya katakon? In sauyawa ce, ta ciki ake yankawa ko ta waje? Da yarona nake fita, shi ya sa wata biyu ke nan jirgin yana ajiye.