Yadda masu juya jarin jama'a ke auna kamfani ta fuskar muhalli

Masu kula da jarin jama'a da suka tattauna yadda za a auna kamfani ta fuskar muhalli kafin a zuba masa jari sun fi jaddada abu ɗaya: barnar muhalli bashi ce da kamfani bai rubuta a littafinsa ba. Misalinsu kamfanin mai na BP ne. Dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon da ke haƙa masa rijiya a teku ya fashe a 2010, ma'aikata 11 suka mutu, darajar hannun jarinsa ta faɗi kusan rabi, kuma tara da diyya da aikin tsaftacewa suka ci fiye da dala biliyan 60.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada a dogara da rahoton da kamfani ya rubuta wa kansa. Volkswagen na tallar injin dizal mai tsabta har zuwa 2015, lokacin da aka gano ya dasa manhajar maguɗin gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. A duba ƙararrakin kotu, tarar hukumomi da alƙaluman da wani na waje ya tantance. Makin kula da muhalli da kamfanonin ƙididdiga ke bayarwa kuwa kan saɓa wa juna, don haka mafari ne kawai.

Inda aka rabu shi ne abin yi bayan an gano matsala. Wasu na son janye jari, kamar yadda majalisar Norway ta umurci asusun ƙasar da ke juya kuɗin man fetur a 2015 game da kamfanonin kwal. Wasu suka ce a zauna a yi amfani da ƙuri'ar masu hannun jari: a 2021 ƙaramin asusun Engine No. 1 ya ci kujeru uku a hukumar daraktocin kamfanin mai na ExxonMobil. A ganina hujjar nan ta fi nauyi, domin wanda ya sayar da hannun jarinsa ya sayar da ƙuri'arsa ma.