Wankan gishirin 2014: tsoro ne ko jahilci?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, mahaifiyata ta tashe mu da tsakar dare, ta ɗora babbar tukunya a murhu, ta zuba gishiri da yawa, ta ce mu yi wanka mu kuma kurɓa kafin asuba, domin ƙawarta ta kira ta ta ce haka ake tsira. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, alhali cutar ba ta ma iso Arewa ba. Jiya kuma ƙanena ya turo mini saƙon murya game da wani ruwa da aka ce yana wanke kowace cuta daga jini. Me ya sa jahilci yake riga ilimi shiga gidajenmu?

Maman Abba: Wa alaikumus salam. Ɗana, uwar da ta hana idonta barci don ta kare rayuwarka ita ce kake jingina wa jahilci a bainar jama'a? Ka janye wannan kalma.

Malamin Firamare: Hajiya ta yi gaskiya. A unguwarmu har masu digiri sun yi wankan nan, kuma na ga maƙwabcina, ma'aikacin gwamnati, ɗauke da bokiti da ƙarfe uku na dare. Idan mutum ya ji labarin cutar da ba a san maganinta ba, sannan aka miƙa masa abin da ke cikin madafarsa, zuciyarsa takan karɓa kafin hankalinsa ya auna.

Ɗan Fagge: Hajiya, ban zagi mahaifiyata ba. Aikin na kira jahilci, ba mai aikin ba.

Baban Sadiya: Kalmar ce ba ta dace ba ko ta wace fuska. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Wanda ya ga haka ya daina yarda da mai farar riga, wayo ya koya, kuma a nan ne ƙin allurar shan-inna na 2003 ya samu gindin zama.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, wannan ƙin allurar ya sa shan-inna ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da wane suna za mu kira hakan?

Baban Sadiya: Ku ma'aikatan asibiti kullum kuna kare junanku.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni nake kwana da masu hawan jini, na kuma san abin da gishiri yake yi musu. Kada ka raina aikina.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da ya fito fili shi ne, kowa ya amince cewa iyayenmu ba jahilai ba ne, kuma cin amanar da aka yi wa Kano ita ce tushen matsalar, kamar yadda Baban Sadiya ya bayyana da hujja. Ɗan Fagge zai janye kalmarsa, ya nemi gafarar Hajiya. An rufe sharhi zuwa bayan sallar Isha'i.