Tukunyar kashe gobara a mota: don wuta ake ajiye ta ko don gudun tara?

Alhaji Ɗanlami: Assalamu alaikum jama'a. Na gode da jajen da kuka yi mini kan motata, Allah ya bar zumunci. Amma akwai maganar da ke cina tun ranar. Na wuce Kwanar Ɗangora kenan zan tafi Zariya sai na ji ƙaurin roba, can sai ga hayaƙi daga bonet. Na gangara gefe, na buɗe but, na sauke buhu biyu kafin na kai ga abin kashe wutar, na ɗaga bonet, na danna. Fes, fes, sau biyu, shi ke nan. Ina tsaye mota ta ƙone ƙurmus. Shekara bakwai ina yawo da abin nan. Ni dai yanzu na tabbata ba shi da wani amfani, don gudun tarar 'yan Rod Sefti kawai muke sayensa. Wanda yake da ja ya fito.

Hajiya Binta: Allah ya mayar da alheri Yaya. Tunda ka fita lafiya ai an gode Allah.

Garba Direba: Alhaji ka faɗi abin da ke bakina. Shekarata talatin ina jan fasinja, ban taɓa ganin ɗan gwangwanin nan ya ceci mota ba. Mu a tasha idan mota ta kama, ƙasa muke watsawa, a kaɗa Omo a bokiti a sheƙa. Da shi muka saba.

Baba Iro: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, ina da ja, amma sai ka amsa mini tambaya uku tukuna. Na yi aikin kwana-kwana har na yi ritaya, ba zan so in yi magana a kan abin da ban gani ba. Wanda ka ɗauko ɗin, jar tukunyar ƙarfe ce mai ɗan agogo a wuya da fil ɗin da ake zarewa, ko siririn gwangwani ne irin na maganin sauro? Yaushe rabonka da ka duba shi? Sannan bonet ɗin, wangale shi ka yi gaba ɗaya?

Alhaji Ɗanlami: Baba, siririn ne, a gosulo na saya wajen yaran nan masu talla. Tun da na jefa shi but ban ƙara taɓa shi ba sai ranar. Bonet kuwa na wangale shi mana, ta yaya zan ga wutar?

Baba Iro: To ka ga, hukuncin da ka yanke ya hau kan wanda bai yi laifi ba. Abin da ka riƙe ba tukunyar kashe gobara ba ce. Waɗannan gwangwanayen 'yar kumfa ce a ciki, ba su da agogon da zai nuna maka ko iskar da ke tura ta ta zurare, kuma shekara bakwai cikin zafin but ta isa ta kashe su. Ta gaske ita ce mai hoda, za ka ga an rubuta ABC a jiki: A na kaya irin su kujera da roba da takarda, B na fetur da man juye, C na gas. Ana iya amfani da ita ko a kan wayoyin lantarki. Ta ƙaramar mota kilo 1 ce ko kilo 2, ni na fi son mai kilo 2.

Maganar bonet ita ta fi yi mini ciwo. Wuta a ƙarƙashin rufaffen bonet tana fama da ƙarancin iska, a shaƙe take. Da ka ɗaga shi ka buɗe mata hanci, sai ta yi tsalle, wani lokacin har ta lashi fuskar mutum. Yadda ake yi: ka kashe mota, ka fitar da kowa, ka ja mabuɗin bonet na ciki ya ɗan ɓalle, ka zura bakin tukunyar ta wannan 'yar kafar ko ta ragar gaba, ka fesa. Kuma gindin wuta ake nufa, ba harshenta ba.

Garba Direba: Baba da girmanka, duk wannan lissafin a lokacin da hankalin mutum ya tashi? Kuma ko ta gasken ce, minti nawa take yi?

Baba Iro: Ba ta kai minti ba Garba. Mai kilo 1 kamar daƙiƙa takwas zuwa goma take feshi ta ƙare. Ban ɓoye wannan ba, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa wurin ajiye ta ya fi girmanta muhimmanci. Wutar mota tana farawa ne kamar tafin hannu. A minti na farko daƙiƙa goma ta ishe ta. Idan ka ɓata minti biyu kana sauke buhu, ta kama robobi da tiyon mai, to ko tukunya uku ka juye ba za ta ji ba.

Garba Direba: To ai ka dawo kan maganata. Ƙasa ba ta ƙarewa a daƙiƙa goma.

Baba Iro: Ƙasa tana aiki idan mai ya zube a titi ya kama, ban musa ba. Amma wutar da ke can ƙasan inji, bayan lagireto, ta ina ƙasarka za ta kai gare ta ba ka buɗe bonet ba? Ruwan Omo kuwa, a tasha kuna da bokiti da rijiya da mutum ashirin. Tsakanin ƙauye da ƙauye da tsakar dare wa zai kaɗa maka? Kuma fetur ya fi ruwa rashin nauyi, hawa kansa yake yi. Ka sheƙa ruwa a kan man da ke ci, ruwan ya kwashi wutar ya kai ta ƙarƙashin tanki. Na sha gani.

Usman Riwaya: Bari in sa baki, don yawancin motocin da ake kawo mini da tabon wuta, daga waya abin ya fara. Fiyus ya ƙone, maimakon a nemo dalili sai a naɗa masa zaren waya, ko a sa wanda ya fi shi ƙarfi don kada ya sake yankewa. Shi kuwa fiyus aikinsa kenan, ya mutu don waya ta tsira. Sai kuma masu ƙara manyan fitilu da sifiku, a jawo wuta kai tsaye daga batir ba fiyus, wayar tana gogar ƙarfe har ta feɗe. Alhaji, ƙaurin robar da ka fara ji ɗin nan, ina kyautata zaton waya ce. Irin wannan ko hoda ta kashe harshen wutar, muddin batir na haɗe za ta iya sake tashi. Idan wutar ta lafa kuma hannu zai kai ba haɗari, a cire kan batir na maras, wato mai alamar (-), a yawancin motocinmu sifana lamba 10 ce ke kwance shi. Ni kullum akwai ɗaya a aljihun ƙofata.

Alhaji Ɗanlami: Wata biyu da suka wuce an ƙara mini fitilun hazo kuwa.

Usman Riwaya: Allah ya kyauta. Ba zan rantse ba tunda ban ga motar ba, amma nan zan fara dubawa.

Barista Nafi'u: Ni ina tsakiya. A doka babu gardama: rashin abin kashe gobara yana cikin jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma tarar da aka daɗe ana yankawa naira 3,000 ce. Amma Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Mutum idan tara yake gudu, mafi arha zai saya, ya jefa inda ba zai dame shi ba, ya nuna idan an tsayar da shi. Dokar ta sa jan gwangwani ya shiga kowace mota, ba ta sa mutane sun iya riƙe shi ba. A zauren nan mutum nawa ne suka taɓa zare fil ɗin suka fesa ko sau ɗaya?

Hajiya Binta: Ni ban taɓa ba, kuma gaskiya tsoron abin nake ji. Kawu Iro, a zafin watan Afrilu mota ta wuni a rana, ba zai fashe ba? Sannan ni da nake ɗauko yara uku daga Islamiyya, idan na ga hayaƙi wallahi ba ta tukunya zan yi ba.

Baba Iro: Binta, abin da kika faɗa na ƙarshe shi ne daidai, kada kowa ya canja miki shi. Yara tukuna. Ki tsaya, ki kashe mota, ki zagayo ki buɗe musu da kanki don ƙofar baya sau da yawa a kulle take da makullin yara, ki kai su nesa, gefen da iska ba ta kai hayaƙi, ba kuma kan kwalta ba. Hayaƙin kujeru da robobi guba ne. Sai kin gama wannan, idan wutar ƙarama ce kuma zuciyarki ta ba ki, ki dawo. Idan ta shiga ɗakin mota ko ta doshi tanki, ki bar ta, ki kira 112, ko 122 ta 'yan Rod Sefti.

Batun fashewa, tukunya ta gaske an rubuta iyakar zafin da take jurewa a jikinta, galibi digiri 60. Kada dai a bar ta inda rana ke dukanta ta gilashi. Gwangwanin feshi ne ba ya son ya wuce digiri 50. Wuri mafi kyau shi ne ƙarƙashin gaban kujerar mai zaman banza, a ɗaure da marikinta na ƙarfe. A ɗaure nake cewa, don ƙarfe mai nauyi haka yana yawo a mota, ranar da aka yi karo dutse ne. Duk wata a duba allurar tana kan kore, a kifa ta a jijjiga, saboda girgizar hanya tana sa hodar ta dunƙule a gindi.

Garba Direba: To ku gaya mini, a Majiya da Dikko wace tukunya ce za ta yi aiki?

Baba Iro: Babu. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, tankokin mai ne suka faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur. Allah ya jiƙansu. Wannan wutar gudu ake yi mata tun kafin ta tashi. Kada mu haɗa ta da wayar da ta fara hayaƙi a bonet, Garba, ba ajinsu ɗaya ba.

Malam Habu: Allah ya gafarta musu. Alhaji Ɗanlami, abin da ya same ka rubutacce ne, kuma ka yi haƙuri mai kyau. Sai dai kada mu kai ga cewa tanadi banza ne. Mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Maman Ilham: Ina ta karantawa ban yi magana ba. Bara da azumi ina cikin adaidaita sahu da 'yata, ana dab da shan ruwa, sai wuta ta tashi a bayanmu wajen inji. Direban ya rikice, ya cire rigarsa yana bugu. Mutane suka taru, masu ruwan leda na jefawa. Wani bawan Allah a wata tsohuwar mota ya tsaya, ya fito da jar tukunya, ya ce kowa ya matsa, ya durƙusa ya fesa. Kafin in gama jan yarinyar gefe wutar ta mutu, sai farar ƙura. Ban san sunansa ba har yau, ko tsayawa a yi masa godiya bai yi ba. Yaron nan mai adaidaita ya zauna a bakin titi yana kuka, ashe na haya ne, kullum sai ya kai balas. Don haka Alhaji, ni ba zan iya cewa ba ta da amfani ba. Tukunyar ba a motar da ta kama take ba, a ta mai wucewa take.

Baba Iro: Haka yake yawan faruwa. Mai motar hannunsa rawa yake yi, na bayansa ne yake da natsuwa. Ɗanlami, ranar da abin ya same ka, motoci nawa suka tsaya?

Alhaji Ɗanlami: Sun kai shida. Mutum biyu sun kawo nasu, duk irin nawa ne, ɗaya ko fes ɗin bai yi ba.

Garba Direba: Ni dai har yanzu ban bar ƙasa da Omo ba. Amma Baba, ta kilo 2 ɗin idan an yi amfani da ita jefarwa ake yi?

Baba Iro: Ana sake cika ta wajen masu sayar da kayan kashe gobara. Ko sau ɗaya ka ɗan danna, ka kai a cika, don hoda tana maƙalewa a bakin bawul, iskar ta riƙa zurarewa a hankali. Ka riƙe ƙasarka, ban hana ka ba, amma kai da kake ɗaukar rai goma sha takwas ka sa tukunyar kusa da ƙafar yaron motarka.

Alhaji Ɗanlami: A kan siririn gwangwani ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma ina ganin bai kamata a bari ana sayar wa mutane shi a titi da sunan kariya ba. A kan mai hodar, na ji. Yanzu na fita na duba ta motar uwargida, jar ce mai agogo, amma allurar ta kwanta a kan ja. Baba, ranar Asabar idan na kawo ta, za ka nuna mana yadda ake fesawa kafin a kai ta ciko?

Baba Iro: Ka kawo ta filin bayan masallaci da hantsi. Usman ya zo da tsohon faranti na ƙarfe da ɗan man dizal. Binta, ki zo ke ma, ke za ki fara zare fil ɗin.